Aron Hannu

Wata goma sha huɗu ke nan
da hannun Baba ya saki buta a bakin rijiya,
ɓarin jikinsa na dama ya tafi ba sallama.
Tun ranar ni ce ƙafarsa, ni ce cokalinsa,
ni ke juya shi kafin assalatu
kada katifa ta ci masa baya.

Yayyena na Kwatano da Fatakwal.
Suna turo kuɗi, Allah ya saka musu,
amma kuɗi ba ya ɗaga tsoho zuwa bayi,
ba ya jin tarin ƙarfe biyun dare.
Kitso ya tsufa a kaina.
Na manta hayaniyar kasuwar Jega.

Hassatu ta asibitin unguwa
ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi,
ta sa wata lamba.
Ta ce, "Tumba, ran da kika gaji, danna nan.
Faɗi rana, faɗi awa nawa.
Mu goma sha biyu ne, na kusa zai amsa."
Na ce, "Wa ke gajiya da ubansa?"
Ta dubi ƙasan idona, ta yi shiru.

Kwana tara lambar na kwance a waya
kamar kunama a ƙarƙashin tabarma.
Me za a ce a gidan suna?
'Yar Nomau ta miƙa wa baƙo mahaifinta?
Sai daren da na zuba gishiri a kununsa
ina gyangyaɗi a tsaye.
Ya shanye. Bai ce uffan ba.

Na shiga ɗaki na danna.
Rubutu na ba ni wuya, murya na aika:
"Talata. Awa uku.
Namiji in da hali, Baba na da kunya."
Kafin in ajiye ta yi ƙara:
ga hoton Jabbi, ƙarfe goma zai zo,
ga kuɗin awa, bai kai mudun shinkafa ba.

Ya zo a keke, da safar hannu a aljihu.
Na jera masa dokoki kamar mai barin gari:
ƙwayar rana rabi ce,
matashi biyu a bayansa,
ba ya son ruwan randa.
Sau uku ina dawowa daga zaure.

Na yi niyyar kitso,
da gaisuwar rasuwa biyu da ke wuyana.
Ƙafata ta ƙi, ta kai ni bakin gulbi.
Mata na wanki, kwale-kwale na tsallakar da buhunan albasa.
Na jingina da gindin mangwaro
don in gyara ɗankwali kawai.

Wayar ce ta tashe ni.
Hoto: Baba a zaune, yana dariya da rabin baki.
A ƙasa Jabbi ya ce,
"Yana ba ni labarin shekarar da ruwa ya ci jirginsa."
Ban taɓa jin labarin nan ba.
Wani abu ya soke ni a ƙirji,
ban sani ba ko kishi ne ko sauƙi.

Da na dawo ɗakin na ƙamshin sabulu.
Baba ya daɗe yana kallona,
ya ja harshensa mai nauyi:
"Kin... yi barci."
Na ce na yi.
Ya lumshe ido kamar shi aka sauke wa kaya.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Ba wanda ya gaya mini
jinkar kan zama uban mutum.

Yanzu wayar na kan taga tana caji.
Na sake aika murya, ban rage sauti ba:
"Talata mai zuwa, awa huɗu."
Mai kitso ta ce in zo da man kaɗanya.